Inda Agogo Ya Kwana

Agogon hannu marar batir, wanda ake murza wa maɓalli kowace safiya ko wanda motsin hannu ke ciyar da shi, yana da wata ɗabi'a da yawancin masu ɗaura shi ba su taɓa lura da ita ba. In ka cire shi da dare ka kwantar da shi rigingine, fuskarsa tana kallon sama, da safe kana iya tarar da ya yi gaba da sakan kaɗan. In kuma ka jingine shi a kan gefensa, maɓallinsa yana sama, washegari sai ka ga ya ja baya. Agogon bai sauya ba, mai shi bai sauya ba, ɗakin ma shi ne na jiya. Makwanci kawai aka sauya masa. Duk mai gyaran agogon da ya ƙware a sana'arsa, daga Garwa har Kano, ya san da wannan.

To, wanne ne halin agogon na gaskiya, gudun da yake yi a kwance ko nawar da yake yi a tsaye? Tambayar ta shafe mu fiye da yadda ta shafi agogo, don Hausawa suna da karin magana biyu da kamar ba sa ga maciji da juna. Sun ce hali zanen dutse ne. Sun kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai. Na farko yana cewa mutum ɗaya ne duk inda ka ajiye shi, na biyu yana cewa inda ka ajiye shi yana sauya shi. A kan wanne za mu dogara sa'ad da za mu ba mutum amanar kuɗi, ko 'ya, ko muƙami? Kafin mu amsa, bari mu buɗe bayan agogon mu ga abin da ke ciki.

Ƙarfin agogo yana cikin wani babban sifirin da aka naɗe a cikin ɗan gwangwani. Da za a sake shi yadda yake so, da ya warware cikin ƙiftawar ido. Abin da ke tsare shi, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ne wani ɗan zobe mai lilo, wanda ke juyawa dama ya dawo hagu ba hutawa. A tsakiyar zoben akwai wani sifirin siriri kamar silin gashi, shi ke dawo da shi duk sa'ad da ya tafi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya bayyana wannan dabara a 1675, kuma har yau a kanta ake. A cikin Seiko 5, agogon da kamfanin Japan ya fito da shi a 1963 kuma ya cika hannuwan iyayenmu, zoben yakan buga sau 21,600 a awa ɗaya. Wato sau 6 a sakan guda, sau 518,400 a kwana ɗaya. Kwana kuwa sakan 86,400 ne, saboda haka agogon da ya yi kuskuren sakan 10 a rana ya kauce ne da kashi ɗaya cikin 8,640 kacal. Amma a mako kuskuren ya wuce minti ɗaya, a wata ya kai minti 5.

Zoben yana juyawa ne a kan wata 'yar sanda mai tsini biyu, sama da ƙasa, kowane tsini yana cikin ramin dutsen yakutu da aka ɗiga wa mai. In agogo yana kwance, nauyin zoben duka yana kan bakin tsini ɗaya, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. Gogayya kaɗan ce, saboda haka lilon yana da faɗi, yakan kai digiri 270 zuwa 300 a agogo mai lafiya. In agogo ya tashi tsaye, sandar ta kwanta ke nan, gefen tsinayen biyu suna gugar bangon raminsu. Gogayya ta ƙaru, faɗin lilo ya ragu da digiri ashirin zuwa hamsin. Sannan ba a taɓa ƙera zoben da nauyinsa ya daidaita ɗari bisa ɗari ba. Kullum akwai ɓangaren da ya ɗan fi nauyi, ko da da ƙwayar ƙura ne. A kwance wannan bai dami kowa ba, don ƙasa tana jan kowane ɓangare daidai wa daida. A tsaye kuwa, in ɓangaren mai nauyi yana ƙasa agogo ya yi wani gudu, in yana sama ya yi wani dabam. Shi ya sa masu sana'ar ke ƙirga makwanci shida: fuska sama, fuska ƙasa, sai tsayuwa huɗu, maɓalli sama, ƙasa, dama da hagu. Yawancin agogo suna gudu a kwance su yi nawa a tsaye, amma kowanne da nasa hali, sai an gwada akan san na ƙwarai.

A ƙasar Suwizalan akwai hukuma mai suna COSC, wadda aka kafa a 1973 don wannan gwajin. Tana riƙe injin agogo kwana 15, tana juya shi a makwanci biyar, a yanayi uku: sanyin digiri 8, matsakaicin digiri 23, da zafin digiri 38. Kafin ya sami takardar shaida, dole matsakaicin kuskurensa a rana kada ya wuce nawar sakan 4 ko gudun sakan 6, kuma tazarar da ke tsakanin kwanciyarsa da tsayuwarsa kada ta wuce 'yan sakan da aka ƙayyade. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, hukumar ba ta neman agogon da makwanci ba ya taɓa shi, don babu shi a duniya. Abin da take nema shi ne wanda taɓawar ba ta da yawa. Na biyu, ko wannan gwajin yana da iyaka. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, ya zarce abin da aka gwada agogon da shi. Agogon da aka saya a bakin Binuwai, aka hau da shi tudun Adamawa zuwa Tibati inda asubahin hunturu ke sa mutum neman bargo, ya shiga wata jarrabawar da ba a rubuta a takardarsa ba.

A nan ne nake ganin karin maganar nan biyu suka haɗu. Inda aka ajiye mutum yana taɓa shi, wannan gaskiya ne. Amma yawan taɓawar ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma wannan bambancin shi ne hali. Mutumin kirki yana jin yunwa, yana jin tsoro, yana jin kwaɗayi kamar kowa. Abin da ya raba shi da saura shi ne tazarar da ke tsakanin yadda yake a gaban jama'a da yadda yake in ya kaɗaita, tsakanin ranar wadata da ranar babu, ba ta da faɗi.

Akwai wani gwaji da ya nuna ƙarfin makwanci a kan ɗan Adam, kuma an buga sakamakonsa a 1973 ɗin da aka kafa hukumar agogo. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Daniel Batson, sun gwada ɗaliban wata makarantar koyon addinin Kirista a Princeton ta Amurka. Aka ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya gabatar da ɗan jawabi, wasunsu ma jawabin a kan taimakon wanda ya faɗi a hanya ne. Aka ajiye wani mutum a lungun da za su bi, yana zube yana tari yana nishi. Waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun taimaka. Waɗanda aka ce su ɗan hanzarta, kashi 45. Waɗanda aka ce musu sun makara ana jiransu, kashi 10 kawai. Irin ɗaliban ɗaya ne, karatunsu ɗaya, gaggawa ce kawai ta juya su. Wasu sun ɗauki wannan hujja cewa hali tatsuniya ce, yanayi ne komai. Ni kuwa idona yana kan kashi 10 ɗin nan. An tsayar da su a makwanci mafi wuya, ba su kauce ba. Da hali tatsuniya ce, da ba a sami ko ɗaya ba.

Magabata sun riga masanan Amurka gane haka. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi zai yi wa wani shaidar kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san darensa da ranarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. Maƙwabtaka, tafiya, kuɗi: makwanci uku ke nan. Haka kuma siffofi goma na mutumin kirki da Bature Anthony Kirk-Greene ya tattaro daga bakin Hausawa ya buga a 1974, irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya da adalci, kowace tana da wurin da ake gwada ta. Ba a sanin mai haƙuri sai an tsokane shi, ba a sanin mai amana sai an bar shi da abin da ba nasa ba. Maƙwabtanmu Fulani, waɗanda Hausawan Tibati suka daɗe suna zaune a ƙarƙashin lamidonsu, suna da munyal da hakkiilo da semteende a cikin pulaaku, wato haƙuri da hankali da kunya, kuma su ma a wurin tsanani suke auna su.

Mu masu magana a rediyo ya kamata mu fi kowa jin wannan. Mai sauraro ya san mu ne a makwanci ɗaya tak, kuma mafi sauƙi: muna zaune a ɗaki mai sanyi, takarda a gabanmu, mun gyara murya. Haka malami a kan mumbari, haka ɗan siyasa a filin taro, haka saurayi a zauren surukai. Dukansu fuska sama ne, inda kowane agogo ke nuna bajinta. Wanda ya ba da 'yarsa saboda daɗin bakin da ya ji a zaure, ya sayi agogo ne bayan ya gan shi kwance cikin gilashi.

Masu agogo suna da wata dabara. In agogonka yana yin gaba da rana, sai ka nemo makwancin da yake ja baya, ka riƙa kwantar da shi haka da dare. A ce yana gaba da sakan 4 cikin awa 16 da yake hannunka, yana kuma baya da sakan 4 cikin awa 8 da yake jingine. Kowace safiya za ka same shi daidai, har ka yi ta yabonsa a majalisa. Amma mu yi lissafi. Sakan 4 cikin awa 16 gudun sakan 6 ne a rana. Sakan 4 cikin awa 8 nawar sakan 12 ce a rana. Tazarar sakan 18 ke nan, abin da zai kayar da shi a gwajin Suwizalan. Daidaitonsa na safe kuskure biyu ne suka cinye juna.

Ga agogo wannan ba laifi ba ne, don sakan ɗin dare da na rana duk ɗaya ne, wannan yana biyan bashin wancan. Wasu mutane suna so su yi wa rayuwarsu irin wannan lissafi. Ɗan kasuwa ya tauye mudu da hantsi, da almuru ya raba sadaka a ƙofar gida, ya kwanta yana ganin littafinsa ya daidaita. Ma'aikaci ya karɓi na goro a ofis, ya sayi tabarmi ya kai masallaci. Lissafin bai tashi ba, saboda matar da aka tauye wa masara ba ita ce almajirin da ya karɓi sadaka ba. 'Ya'yanta sun kwana da ragowar yunwa, kuma ƙoshin wani bai shiga cikinsu ba. Sakan ba shi da mai shi, haƙƙi kuwa yana da mai shi. Sadakar tana nan da ladanta wurin Mai sakamako, amma mudun yana nan yana jiran a mayar wa mai shi.

Akwai wata hanyar zama da kuskure wadda ta fi wannan, ita ce ta masu jirgin ruwa. A da, matuƙi yana gane inda yake a teku ne ta hanyar gwada lokacin rana a inda yake da lokacin tashar da ya baro, don duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti 4. Ko a nan gida ana ganin haka: Garwa tana gabas da Tibati da kusan digiri ɗaya, saboda haka rana tana tsayawa tsaka a Garwa kamar minti 3 kafin Tibati, ko da yake agogon Kamaru ɗaya ne. A teku, kuskuren sakan 4 yana iya zama kuskuren kusan kilomita 2, kuma dutse ba ya jira. Wani kafinta ɗan Ingila, John Harrison, ya ƙera agogon da ɗansa William ya tafi da shi Jamaika a ƙarshen 1761. Da suka isa a farkon 1762, bayan an cire kuskuren da aka riga aka san agogon yana yi kowace rana, abin da ya rage bai wuce sakan 5 ba. Matuƙa ba su taɓa neman agogo marar kuskure ba. Suna neman wanda kuskurensa sananne ne, a rubuce, ba ya sauyawa. Sannan sukan rataye shi cikin akwati a kan wasu zobba masu lilo, yadda duk tangaɗin da jirgi zai yi agogon yana nan kwance.

Wannan ita ce gaskiyar da ɗan Adam zai iya kaiwa gare ta. Mutumin da ya ce, "Kada ku ba ni ajiyar kuɗin ƙungiya, hannuna ba ya riƙe kuɗi," ya fi amfani ga jama'a da wanda ya rantse shi ba ya kuskure. Na farko ya faɗi nawarsa, ana iya lissafi da shi, a ba shi aikin da ya dace da shi. Na biyu sai ranar da jirgi ya daki dutse za a sani. Abin takaici, mun fi girmama na biyun. Wanda ya faɗi rauninsa mukan yi masa dariya, wanda ya ɓoye mukan naɗa masa rawani, daga baya mu riƙe baki muna mamaki.

Sai kuma alhakin mai kwantar da agogon. Tun da aka gama dam ɗin Mbakawu a kan kogin Jerem a 1969, kifi ya zama babbar sana'a a ƙasar Tibati, kuma banda tana tafiya har Ngaundere da Yawunde. Sana'a ce da ke tafiya bisa amana: maigida yana gari, yaronsa yana bakin ruwa da kuɗin saye. Mu ƙaddara maigida ya damƙa wa yaro sefa dubu ɗari biyar, wata uku bai ba shi ladansa ba, bai taɓa zama sun yi lissafi ba, ga mahaifiyar yaron kwance ba lafiya. Ranar da kuɗi suka yi giɓi, sai maigida ya shiga kasuwa yana cewa 'ya'yan zamani ba su da amana. Yaron ya ci amana, wannan ba a ɗauke masa ba. Amma wa ya jingine shi a kan gefen da ya fi rauni, ya tafi ya bar shi wata uku? Irin wannan tambayar tana jiran hukumar da ke riƙe albashin ma'aikaci ta kuma ajiye shi a kan teburin karɓar kuɗi, tana jiran uban da ya tura ɗansa birni ba jari ba masauki.

Masu ƙera agogo ba su tsaya zagin jan ƙasa ba, dabara suka nema. Abraham-Louis Breguet, wanda aka haifa a Suwizalan ya yi sana'arsa a Faris, ya sami takardar mallakar wata ƙira a 1801. Ya sa zoben lilo cikin wani ɗan keji mai juyawa, yawanci sau ɗaya a minti, yadda ɓangaren mai nauyi ba zai daɗe a wuri ɗaya ba. An yi shi ne don agogon aljihu, wanda ke wuni a tsaye. Hikimar da ke cikin sauya wa ma'aji wurin aiki bayan 'yan shekaru ke nan, da sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi, da zaman lissafi kowane ƙarshen wata. Wasu suna jin haushin irin wannan tsari, suna cewa rashin yarda ne. Ni ina ganin rahama ce. Wanda ya hana ka kwana a makwancin da zai kayar da kai ya tsare maka mutuncinka.

Wani zai ce wannan magana tana buɗe wa masu laifi ƙofa, kowa ya ce yanayi ne ya sa shi. A nan ne misalin agogo ya ƙare. Agogo ba ya zaɓar inda zai kwana, kuma bai san yana nawa ba. Mutum yana da ƙafa, yana da hankali. Wanda ya san majalisar da ke sa shi gulma kuma ya ɗauki buzunsa ya tafi can, shi ya kwantar da kansa. Wanda ya san gaggawa tana rufe masa ido ga mabukaci, yana iya fita da wuri. Sanin cewa makwanci yana taɓa mu ƙarin nauyi ne a kanmu, don yanzu ana tambayarmu abu biyu: me ka yi, kuma me ya kai ka inda ka san za ka yi shi? Uzuri yana ga wanda aka jefa cikin tsanani ba da zaɓinsa ba, shi ma sassauci ne yake samu, haƙƙin mutane yana nan a wuyansa.

Mai agogo irin wannan yana iya gwada nasa cikin mako guda. Ya cika masa wani, ya duba shi da lokacin waya ko da ƙarar nan shida da BBC ke bugawa a kan awa tun 1924, ta akwatin rediyo, don ta intanet tana makara. Ya rubuta bambancin da dare, ya kwantar da shi, ya sake rubutawa da safe. Kowane dare makwanci dabam, har shida. A ƙarshen mako zai san agogonsa fiye da wanda ya sayar masa. Gwajin kai ya fi wannan ɗaukar lokaci, kuma ba a yinsa sai da ma'auni daga waje, don agogo ba ya duba kansa. Ma'aunin shi ne matarka, da yaron shagonka, da wanda kake bi bashi, da wanda ke binka. In ka sami ƙarfin zuciyar tambayarsu, ka kuma iya yin shiru har su gama, za ka ji a wane gefe kake gudu, a wane kake nawa. Allah ya sa tazarar ta zama kaɗan.